Ganuwar Birnin Yawuri da Baƙi Biyu Masu Sayar da Allura

Kowace asuba, a gindin wani tsauni da ke ƙasar Peru a Kudancin Amurka, akan ga samari da 'yan mata daga ƙasashe daban-daban sun yi layi a bakin wata gada, kowa da jakarsa a baya da 'yar fitila a goshi. Jira suke a buɗe hanya su hau matakalar dutse zuwa Machu Picchu, kufan da sarakunan Inka suka bari a kan tudu mai tsayin mita 2,430 daga teku. Masu hali sukan zo a jirgin ƙasa su ƙarasa a mota. Waɗannan kuwa masu ƙaramin guzuri ne. Sun shigo motar haya daga birnin Kusko, sun taka kusan kilomita 10 a gefen layin dogo, sun kwana a ɗaki mai arha, duk domin abin da ya rage a aljihu ya isa kuɗin shiga. Fiye da mutum miliyan ɗaya ke ziyartar wurin a shekara.

Garin da suke wa wannan wahala ƙarami ne. An gina shi wajen shekarar 1450, zamanin sarki Pachacuti, kuma masana sun ƙiyasta cewa mazaunansa ba su kai dubu ɗaya ba. Bai wuce shekara ɗari da ginawa ba aka watse aka bar shi, a lokacin da Turawan Sifen suka rusa daular Inka. Babu marubucin da ya bar bayanin yadda ya gan shi da mutanensa a ciki.

A Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 daga Yelwa ba, akwai ragowar ganuwar wani birni da ya ninka Machu Picchu faɗi sau da yawa. Shi ne Birnin Yawuri, wanda bakin jama'a ya taƙaita zuwa Bin Yawuri. Ba a yin layi da asuba domin ganinsa. Sai dai yana da abin da kufan Inka ya rasa, wato shaidun gani da ido. A 1830 wasu matafiya biyu, su ma masu ƙaramin guzuri, sun shiga ƙofarsa, sun kwana a cikinsa mako biyar, sun rubuta abin da suka gani. Shekara 58 bayan haka fadar ta koma Yelwa baki ɗaya. Abin da ya faru a tsakanin waɗannan shekaru yana bayyana yadda birnin ƙasa yake mutuwa, da dalilin da ya sa kufansa yake da wuyar gani ga baƙo.

Gari a bakin mashigi

Arzikin Yawuri daga kogi ya fito. A wannan yanki Kwara tana da faɗi, kuma kafin a datse ta tana cike da tsibirai manya da ƙanana. Hausawa suna ce wa tsibiri gungu, shi ya sa suka kira mazauna wurin Gungawa. Su kuwa suna kiran kansu Bareshe, harshensu Tsureshe, kuma tsohon sunan birnin a bakinsu Ireshe ne. A tudu akwai Kambari da Dukkawa, a arewa akwai Shangawa, waɗanda harshensu ɗan'uwan na Busawa ne. A kan waɗannan al'ummu ne sarautar Yawuri ta kafu, kuma marubutan tarihin ƙasar Hausa suka lissafa ta cikin Banza Bakwai, tare da Kabi da Zamfara da Nufe da sauransu.

Wanda ke riƙe da mashigin kogi yana riƙe da fatauci. Ayarin da ya tashi daga Kano ko Katsina zuwa Gwanja sayen goro dole ya ƙetare Kwara, kuma Yawuri na cikin manyan wuraren fito. Fatake sukan sauka da kanwa da tufafin rini da jar fata, su biya kuɗin fito da gaisuwar sarki, masu kwalekwale su ƙetarar da mutane da jakuna, madugu ya ja ayari ya nufi Bargu da Nikki har Salaga. Bayan watanni su dawo da goro ta hanya guda. Kowane zuwa da dawowa yana barin wani abu a zango da kasuwa da fada.

Irin wannan wuri ba ya rasa masu kwaɗayinsa. A tsakiyar ƙarni na 16 Muhammadu Kanta na Kabi ya rinjayi Yawuri, ta daɗe tana kai haraji can. Da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zo a farkon ƙarni na 19, Sarkin Yawuri Muhammadu Albishir ɗan A'i ya zaɓi sulhu. Ƙasar ta shiga ƙarƙashin Gwandu, amma sarauta ta zauna a gidanta na da. Wannan dabara ce ta sa lokacin da Alkalawa da wasu manyan birane suka faɗi, Birnin Yawuri ya tsira da ganuwarsa da ƙofofinsa.

Baƙin shekarar 1830

Sunan Yawuri ya yi fice a wurin Turawa ne ta dalilin mutuwa. A ƙarshen 1805 Mungo Park ya taso daga Sansanding, a ƙasar Mali ta yau, cikin jirgin ruwa, da niyyar bin Kwara har inda ta ƙare. A Yawuri ne jagoransa Amadi Fatuma ya rabu da shi, kuma ba da nisa ba, a duwatsun Busa, Park da sauran mutanensa suka halaka a farkon 1806. Tun daga nan Ingila ke cigiyar takardunsa, aka kuma ji labari cewa wasu littattafansa suna hannun Sarkin Yawuri.

Wanda aka aiko a 1830 ba hafsan soja ba ne, ba kuma malamin jami'a ba. Richard Lander ɗan mai masauki ne daga garin Truro, kuma bara ne ga Kyaftin Hugh Clapperton, wanda ya rasu a hannunsa a Sakkwato a 1827. Gwamnatin Ingila ta yi masa alkawarin fam 100 idan ya dawo, da wani fam 100 da za a ba matarsa ta ci abinci. Ƙanensa John ya biyo shi ba tare da albashi ko alkawarin lada ba. Guzurinsu yadi ne da madubai da tarin allurai, da nufin su riƙa sayarwa a hanya suna samun wuri, kuɗin ƙasar a lokacin.

Sun sauka Badagiri a watan Maris, suka keta ƙasar Yarabawa a ƙasa, suka isa Busa a tsakiyar Yuni. Daga nan suka hau kwalekwale suka yi sama da kogin, suka sauka a gaɓar gabas, suka shiga Birnin Yawuri ranar 27 ga Yuni ta wata ƙofa mai kauri wadda aka lulluɓe ƙyaurenta da faifan ƙarfe.

Bayanin da suka bari shi ne hoto mafi cika da ake da shi na birnin a zamanin ƙarfinsa. Sun ce ganuwar ta ƙasa ce zalla, doguwa, mai kyan gini, tana da manyan ƙofofi takwas, kuma suka ƙiyasta kewayenta tsakanin mil 20 da 30, wato kilomita 32 zuwa 48. Ƙiyasin ido ne, babu igiyar awo a ciki, kuma mai yiwuwa sun zarce. Amma Richard ya san Kano, ya zauna a cikinta, kuma maigidansa Clapperton ya ƙiyasta ganuwar Kano da mil 15. Ko da an raba lissafin nasu biyu, Birnin Yawuri ya shiga sahun manyan biranen ƙasar Hausa. Faɗin bai nuna cewa ko'ina gidaje ne ba. Birnin Hausa yakan haɗa gonaki da makiyaya da kududdufai a cikin ganuwa, domin idan maƙiyi ya kewaye gari a sami abin ci, mutanen ƙauye kuma su sami wurin gudowa da dabbobinsu.

Sun lissafa abin da garin ke yi da hannunsa: sirdi, da saƙa, da albarushi na gida. Sun lissafa abin da yake nomawa: baba, da taba, da alkama, da shinkafa mai yawa mai kyau, da albasa. Har Ngaski ta fito a littafinsu, a matsayin ƙasar Kambari da ke ƙarƙashin Yawuri, kuma sun lura da yadda haraji ya yi wa Kambari nauyi.

Zaman nasu dai bai yi daɗi ba. Sarki ya ce ba shi da littattafai ko takardun Park. Cinikin allura ya yi sanyi, domin tafiyar Clapperton ta riga ta cika kasuwannin yankin da ita, wasu daga cikin nasu kuma aka dawo musu da su saboda ba su da kafa. Da abin ya ƙure har maɓallan tufafinsu suka koma kayan sayarwa. Sarki ya karɓi kaya bashi, biya ya yi ta jinkiri, izinin tafiya ma haka. A ruwayarsu, wata rana an kawo musu gashin jimina kyauta ga Sarkin Ingila, aka ce bai isa ba, sai su dakata har wani ya tsiro, kuma za a cire kuɗin man shanun da za a shafa wa jiminar daga bashin da suke bi.

Labarin yana da ban dariya, amma bakin ɓangare ɗaya ne. Ta fuskar fada, baƙi biyu sun zo suna tambayar kayan mutumin da ya mutu jim kaɗan bayan ya bar ƙasarta, a zamanin da Nufe ke cikin yaƙin basasa, Gwandu kuma ke lura da kowane motsi. Sarkin da ya riƙe irin waɗannan baƙi har ya gane nufinsu bai yi abin mamaki ba. Kuma lalle sun ɓoye nufin nasu, domin ainihin aikinsu gano bakin kogin ne. Da saƙon Sarkin Busa ya zo aka sallame su ranar 2 ga Agusta. A watan Nuwamba suka fita teku ta ɗaya daga cikin rassan kogin, suka tabbatar wa Turai cewa Kwara a Tekun Atilantika take ƙarewa. Littafinsu ya fito a 1832.

Yadda birnin ƙasa yake narkewa

Magina Inka sun sassaƙa dutse suka jera shi ba tare da kwaɓi ba, suka yi masa magudanan ruwa ta ƙarƙashi. Da mutane suka tafi, jinkar ɗakuna ta ruɓe, daji ya rufe wurin, amma bangaye suka tsaya shekara ɗari huɗu ba mai taɓa su.

Ganuwar ƙasa ba ta da wannan haƙuri. Da tubali da kwaɓaɓɓiyar ƙasa ake tayar da ita, kuma ramin da aka haƙi ƙasar shi ke zama kariya ta biyu a bayanta. Kowace damina tana zaizaye ta, kowane rani sai an fito an yi mata yaɓe. Wannan aiki ne na dubban hannaye, wanda ake raba wa unguwanni da ƙauyuka da bayi, kowane ɓangare da mai kula da shi. Sarkin da zai iya tara wannan jama'a duk shekara shi ke da ganuwa. Ranar da ya kasa, ruwan sama ya karɓi aikin maƙiyi. Saboda haka tsayin ganuwa ma'auni ne na lafiyar mulki, kuma abin da 'yan'uwan nan biyu suka gani a 1830 mulki ne da har lokacin yake iya kiran mutane su amsa.

Shekara 14 bayan tafiyarsu abin ya fara kwancewa. A 1844 aka kori Sarki Jibrilu Gajere, rikicin gadon sarauta ya zama yaƙin basasa tsakanin 'ya'yan gida ɗaya. Zaman tudu ya gagara, har fada ta koma tsibirin Ikum a tsakiyar kogi, inda ruwa ke yin aikin da ganuwa ta daina yi. Ana cikin haka sai ga sabon maƙwabci daga gabas. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa Kwantagora a 1864. Shi da ɗansa Ibrahim suka yi ta kai hari ƙasar Kambari suna kamun bayi, suka yanke wa Yawuri babban ɓangare na ƙasarta ta tudu. Ƙauyukan da ke kawo hatsi da hannun yaɓe suka watse ko suka koma bin wani. Da ƙura ta lafa a 1888, Sarki Abdullahi Abarshi ya zaunar da fada a Yelwa, a bakin ruwa, inda take har yau. Turawan mulkin mallaka da suka iso a farkon ƙarni na 20 a Yelwa suka tarar da sarauta.

Birnin Yawuri bai mutu ƙurmus ba. Gari ne mai mutane har gobe, da kasuwarsa da makarantunsa. Abin da ya mutu shi ne birnin mai ƙofa takwas. Tarihin wannan faɗuwa kuwa ɗan ƙasar ne ya tsaya ya tattara shi. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, mutumin Ngaski, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello a kan raunin mulkin Yawuri a ƙarni na 19. Ya kammala shi a 1968.

Kufai na biyu, a ƙarƙashin ruwa

A wannan shekara ta 1968 ne Yawuri ta sake yin wani rashin. An fara ginin madatsar Kainji a 1964 domin samar da wutar lantarki, kuma da aka rufe ta ruwa ya taru ya koma baya fiye da kilomita 130, har wajen Yelwa. Tafkin ya rufe fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,300. Tsohuwar Busa ta nutse, tare da babban tsibirin Foge da yawancin gungunan da Bareshe suka zauna shekaru aru-aru suna noman albasa da ban ruwa. An tashi mutum fiye da 40,000 aka mai da su sababbin ƙauyuka masu gidajen siminti a gaɓar tafki. An biya diyyar gida da gida, amma kushewar kakanni da wuraren al'ada da tsoffin gonakin fadama sun zauna a ƙasan ruwa.

Kafin ruwan ya iso, masana kimiyyar tono sun yi gaggawar ceto abin da za su iya. A wani tudun tsohon mazauni kusa da Yelwa sun tono ƙarfe da tukwane da ƙananan gumaka na gasasshiyar ƙasa, waɗanda awon kimiyya ya nuna shekarunsu tsakanin ƙarni na 2 da na 7 na Miladiyya. Ashe mutane suna ƙira da gini a wannan gaɓa fiye da shekara 700 kafin a aza dutsen farko na Machu Picchu. An tona kaɗan, lokaci ya ƙure, saura ya tafi da ruwa.

Abin da ke sa a hau tsauni

Dutse kaɗai bai isa ya jawo mutum miliyan ba. Machu Picchu ma ya yi ƙarnuka ba wanda ya san shi sai manoman kwarin. Ranar 24 ga Yuli, 1911, wani manomi mai suna Melchor Arteaga ya ja Hiram Bingham na Jami'ar Yale ya hau da shi, suka tarar da iyalai suna noma a kan tsoffin gonakin matakala, wani yaro daga cikinsu ya zaga da baƙon. A watan Afrilu 1913 mujallar National Geographic ta ba da fitowarta guda sukutum ga hotunan wurin. Aka share daji, aka kawo layin dogo, aka yi hanya, aka sa masu gadi. A 1983 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Yau tsohuwar hanyar Inka ta kwana huɗu mutum 500 kawai ake bari su shige ta a rana, har da 'yan dako da masu jagora, kuma akan rufe ta duk watan Fabrairu domin gyara. Matashin da ke tsaye a bakin gada da asuba yana cin moriyar aikin shekara ɗari na awo da rubutu da tsaro.

Nijeriya ta san irin wannan aiki. Sukur, a tsaunukan Madagali na Jihar Adamawa, mai hanyoyin dutse da gonakin matakala, ta shiga jerin UNESCO a 1999. Surame, birnin Kanta mai ganuwar dutse, tana cikin jerin masu jiran shiga tun 2007. Na Yawuri ya fi wuya, domin rabinsa ƙasa ce da ta koma ƙasa, rabi kuma sai da kwalekwale ake wucewa ta kansa. Ga kuma matsalar da ta fi kowace nauyi. Ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai da malamai, wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka dawo gida. Mutane da yawa a Nijeriya ranar ce suka fara jin sunan garin. Inda iyaye ke fargabar tura 'ya'yansu makaranta, ba a maganar baƙo mai yawon ganin kufai.

Duk da haka, wanda zai fi cin moriyar wannan wuri ba daga Turai zai zo ba. Ɗalibin tarihi ne daga Sakkwato ko Zariya, ko ɗan makarantar sakandare daga Wara ko Shanga, wanda kuɗin mota da na abincin rana suka ishe shi idan hanya ta yi lafiya. Abin da yake bukata shi ne sanin abin da zai duba. Ganuwar ƙasa idan ta faɗi takan zama doguwar kunya mai faɗi da ta ratsa gonaki, da kwari a gefenta inda ramin yake, da giɓi inda ƙofa take. An fi ganinta da kaka, bayan an girbe dawa an kwashe kara. Tsingaro a kan huɗa alama ce ta tsohuwar unguwa. Sauran bayanin yana bakin dattawa: sunan kowace ƙofa, da hanyar da ta nufa, da gidan da ke riƙe da ita. Bingham bai ga komai ba sai da Arteaga ya nuna masa, kuma mai zuwa Birnin Yawuri ma sai ya fara da gaida mai gari, a haɗa shi da wanda ya san wurin.

Bambancin shi ne dutsen Inka ya iya jiran baƙonsa shekara ɗari huɗu. Ragowar ganuwar ƙasa tana raguwa da kowace damina da kowace garma, masu haƙar ƙasar gini kuma suna ɗiba. Dattawan da suka ji labarin birnin daga bakin kakanninsu suna ƙarewa, kuma wanda aka haifa a gungu kafin zuwan ruwa yau ya doshi shekara 60 ko ya wuce. Awon kewayen ganuwar, da rubuta sunayen ƙofofi takwas, da ɗaukar muryar waɗanda suka san inda kowane tsibiri yake, aiki ne da ba ya bukatar kuɗi mai yawa, amma yana da wa'adi.

Daga cikin abin da baƙin 1830 suka lissafa, sirdi da albarushi da ƙyauren ƙarfe sun tafi. Shinkafa da albasa suna nan. Duk rani ana loda buhunan albasar Yawuri a manyan motoci zuwa kasuwannin kudu, wasu kuma su bi hanyar Kwantagora, su wuce ta gefen tsohon birnin.